Kabarin Inna a Gonar Auduga

Bukuru, Oktoba 1964

Zuwa ga ƙanwata Roda, a Kafur.

Gaisuwa mai yawa gare ki, da maigidanki Enoch da yara. Ni ina nan, haƙar kuza na cin ƙarfina.

Bayan haka, takardarki ta iso. Kin ce Mudi ba lafiya, ƙafafu sun kumbura, yana cigiyata. Ya san abin da ya kore ni daga gida. Ɗan baffanmu ne, kuma ban manta shi ya riƙe mu da Baba ya rasu ba, bai taɓa auna mana hatsi yana ƙunƙuni ba. Amma shi ya sare tsamiyar da Inna ke kwance a gindinta, ya ƙone kututturen, ya kwashe duwatsun, ya sa garmar shanu ta bi ta kanta don ya ƙara kunyar auduga. Da na kai magana gaban dattawa, cewa ya yi, "Kabarin Bamagujiya har wani kabari ne?" Sahu ɗaya muke bi da shi a masallaci, Roda, amma nonon Bamagujiyar nan na sha.

Zan shiga halwa wurin Malam Abdussamad. Bukka ce a bayan gidansa, ba ka magana da kowa har ka fito, sai zikiri, a turo maka kunu ta ƙarƙashin asabari. Malam ya ce wankin zuciya ake shiga yi. Na ce to. Ni ƙara zan kai gaban Allah.

Yayanki, Maitama.

Kafur, Nuwamba 1964

Yaya Maitama,

Muna gaishe ka, yara na tambayar tsaraba. Enoch bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya gaya wa Mudi inda kake. Mudi ya sa an kai shi Funtuwa ya hau jirgin ƙasa, da waɗannan ƙafafun kamar turmi.

Yaya, na je gonar. Na bi kunya-kunya ina neman wurin Inna, auduga ta rufe ko'ina, ban gane gabas da yamma ba. Dattawan da suka haƙa kabarin duk sun tafi. Mudi kaɗai ya rage da ya san wurin. In ya mutu bakinka a rufe, ba shi kaɗai za ka hukunta ba. Ka yi tunani.

Ubangiji ya kiyaye ka. Roda.

Bukuru, Disamba 1964

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na fito, a nan na tarar da takardarki.

Mudi ya zo. Da hantsi na ji ana jan ƙafa, aka zauna jikin asabari, ana haki. Malam ya gaya masa mai halwa ba ya amsawa. Ya ce ai kunne bai shiga halwa ba.

"Ƙanena," in ji shi, "ka san ni, ban iya roƙo ba. Ka ce ka yafe, ni kuma in nuna muku wurin."

Kin ji? Har a bakin kabarinsa ciniki yake da na Inna. Na riƙe carbi har ya shata mini tafin hannu. Ya ce, "Ko tari ka yi, zan ɗauka ka amsa." Roda, ƙurar kuza ta cika mini ƙirji, kullum cikin tari nake. Ranar nan na haɗiye shi har hawaye suka zubo.

Ya yi ta zama har inuwa ta juya. Da zai tashi ya ce, "Taurin kan gyatumarka ka ɗauko." Wannan dai ya faɗi gaskiya.

Malam ya tambaye ni ko zuciya ta wanku. Na ce ta dai yi shiru.

Maitama.

Kafur, Disamba 1964

Yaya,

Gaisuwa a gaggauce. Mudi ya dawo ba ya iya tsayuwa. Shekaranjiya ya sa aka aza shi kan jaki, ya aika in zo. A tsakiyar gona ya sa aka tsai da jakin, auduga ta fashe fari fat, ana shirin tsinka. Ya ce wa 'ya'yansa su tumɓuke ta daga nan zuwa can. Suka tsaya kallonsa, ya daka musu tsawa. Da aka tona gefe sai ga gawayin saiwar tsamiya.

Ya ce, "Ga ta nan. Ki gaya masa ban jira tarinsa ba."

Ba ya cin komai yanzu. Duk motsin ƙofa sai ya tambaya ko takarda ce. Me zan ce masa?

Roda.

Bukuru, Janairu 1965

Roda,

Gaisuwa. Ku jera duwatsu manya, waɗanda garma ba ta iya ɗagawa, ku dasa tsamiya.

Ki karanta masa wannan da ƙarfi. Korar da ya yi mini, da maganar da ya faɗa gaban dattawa, na yafe, duniya da lahira. Wannan nawa ne. Garmar kuwa ba ta kaina ta bi ba. Zai riga ni isa inda mai haƙƙin take, sai ya roƙe ta da bakinsa.

Ki huta lafiya.

Maitama.