Wace Shawara ce a Gidanka?

Zango, Damagaram
9 ga Satumba, 1958

Mala, kada ka karanta takardar nan a tsaye ka cusa ta aljihu. Zauna, ka kira matarka Kellu, ka karanta mata da ƙarfi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya same ku lafiya a Yamai, ya tsare ku daga ciwon da ake faɗa da wanda ake ɓoyewa. Mu nan sai godiya. Gero ya fid da kai a gonarmu ta Hamdara, ƙanwarka Fanta kuma ta miƙe.

Takardarka ta iso. Ka ce jikana Bukar ya ɗan yi zazzaɓi, amma akwai shawara, kada hankalina ya tashi. Sau uku na karanta layin nan. Ni ma na zauna a aji, ɗana, na san inda mai rubutu ke laɓewa. Shawara iri biyu ce: wadda ke shiga ta kunne, da wadda ke fitowa a ido. Wacce ce a gidanka? Na tsare Alkasum direba, wanda ya kawo takardar. Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce bai ga yaron a tsakar gida ba, amma ya ga Kellu tana jiƙa saiwoyi a ƙwarya. Da na tambaye shi idon yaron, sai ya tuna ana jiran sa a tasha. Ruwa ba ya tsami banza.

Ka ji abin da daminar bana ta koya mana. Mutum uku suka kwanta da zafin jiki a mako guda: Fanta, kawunka Nomau, da Rabi maƙwabciyarmu. Suma'ila, wanda ya taɓa shara a gidan likita yanzu yake yawo da allura a unguwa, ya ce duk cuta ɗaya ce, allura ɗaya ta isa. Ban yarda ba, na kai namu biyu wajen lokotoro, babban likita. Ya ɗiga jinin Fanta a gilashi, ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba ta kinin. Ya saurari ƙirjin Nomau, ya ce ciwon haƙarƙari ne, ya riƙe shi kwana tara. Rabi ta miƙa wa Suma'ila cinya. Cinyar ta kumbura ta fashe, har yau da sanda take zuwa rijiya. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka gobe da safe ka fito da Bukar haske, ka buɗe idonsa ka dubi farin, ka dubi fitsarinsa. Ko me ka gani, ka ɗauke shi da kanka zuwa likita. In motar Alkasum ta dawo ba takarda mai hannun lokotoro, ni zan biyo ta.

Ka gai da Kellu, ka ce ban yi fushi da ita ba tukuna. Ka gai da gwaggonka Larai. Fanta da Nomau suna gaishe ku.

Ga abin da na yanke, kuma ya hau kan duk wanda na haifa: daga yau ba allura, ba jiƙo, ba ƙwaya da za ta shiga jikin ɗan gidan nan sai lokotoro ya gan shi da ido ya faɗi sunan ciwon. Wanda kuma zai rubuto mini labarin ciwo, ya rubuta sunan nan, ko ya ajiye alƙalami.

Mahaifiyarka,
Maryam