Littafin da Baba Ya Gyara

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya, in ban da idon Baba. Likita ya ce na daman ya riga ya tafi, na hagun ake so a ceto. In ba a yi aiki cikin wata biyu ba, shi ma zai bi ɗan'uwansa.

Kin tuna littafin labarin nan na marigayiya Inna, mai yagaggiyar rigar takarda shuɗiya a kan bangonsa, wanda take ɓoyewa a ƙasan akwatin zannuwanta? Na kai shi wurin dillalin tsofaffin littattafai na bayan tasha, don dai kar a ce ban gwada ba. Sai da mutumin ya wanke hannu kafin ya taɓa shi. Ya ce bugun farko ne, ɗari uku kacal aka buga, kuma bai taɓa ganin mai riga a jiki ba. Ya nuna min farar takardar farko, inda marubucin ya sa hannu da fensir, ya dushe har sai da gilashin ƙara girman rubutu ake ganinsa. Abin da ya ce wani mai tara irinsu zai biya ya isa aikin idon har da saura.

Ya dai yi ƙorafi irin na 'yan kasuwa: riga ta yage, bakin shafuka ba daidai ba, ga tabon danshi. Na kwashe wannan duka na faɗa wa Baba ina dariya. Kin san shi, shekara arba'in yana ɗinka littattafan mutane, bai taɓa karanta labari ko guda ba. Ya shafa bayan littafin, ya yi tsaki, ya ce wanda ya ɗinka wannan ko sharar shago ba zai ba shi ba.

Ranar Litinin mai sayen zai zo. Gobe zan tafi duba takardun jarrabawa, kwana uku. Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ki gaida yara. Yaya jikin maigidan? Ki yi haƙuri da rubutun nan.

Tun daga bakin ƙofa na ji warin gam. Shagon da Baba ya rufe shekara biyu na tarar a buɗe, shi kuma yana zaune yana murmushi, yatsunsa duk sukan allura. Ya miƙo min littafin a naɗe cikin farin ƙyalle.

Ya gyara shi, Yaya. Ya warware shi, ya sake ɗinki, ya datse bakin shafukan, ya yi masa bango da jar fatar nan da ya daɗe yana ajiya. Rigar shuɗiya da farar takardar farko ya zuba su a murhun da yake narka gam, don a wurinsa datti ne. Ya ce yanzu ya ga wanda zai buɗe baki ya raina wa 'yarsa kaya.

Dillalin da ya gani sai ya nemi kujera ya zauna. Ya ce rabonsa da ganin bango mai kyau haka ya manta, amma yanzu littafin bai wuce kuɗin takalmi ba. Mai sayen ko hannu bai fitar daga aljihu ba.

Laifina ne. Na kai wa mai gyara ƙorafin yagewa, ban gaya masa a yagen ake so ba, ban ko ambaci sa hannun ba. Na ɓoye littafin a akwatin Inna, na ce wa Baba yana wurin mai sayen, yana shawara. Kullum sai ya tambaye ni me aka ce game da ɗinkin. Ki aiko da abin da ya samu, ina cikin tashin hankali.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri. Na haɗa da abin da na samu da na sayar da injin matsi da wuƙar datsa na shagon Baba, muka koma asibiti, amma likita ya ce mun makara. Idon hagun ya rufe tun makon jiya.

Ya san komai. Da ƙanshin fata ya gano littafin a akwatin Inna, ya kira ni, na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi sau biyu ya ɗaga farar takardar nan a taga, bai ga komai a jikinta ba.

Yanzu bayan la'asar yakan sa in karanta masa, wai ya ji abin da ke ciki da har ya ci masa ido. Mun kusa ƙarshe. A nan na ga abin da ko dillalin bai lura da shi ba: wuƙar ta karkace masa, ta cinye layin ƙarshe na shafuka talatin na baya. In na zo wurin sai in cike da nawa, in juya shafi da sauri. Jiya ya shafa bakin littafin, ya ce ko ba komai yankan ya fita tas, ko ba haka ba? Na ce haka ne, Baba.

Wannan kam ba zan faɗa masa ba. In kin zo, ke ma kar ki faɗa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta