Hatimi Biyu Gyara

Zuwa ga Yaya Mamman, a Damagaram.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ƙane, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar nan taka? Yaya Hajiya Rabi da yara? Mu a Yamai sai godiya.

Ina mai alfaharin sanar da kai cewa ƙanenka, bayan shekara ashirin yana awon hatsi a Babbar Kasuwa, ya zama ma'aikacin biro, wato ofis. An naɗa ni sarkin buga hatimi, a masarautar da ba ta kai tabarmar salla faɗi ba, ba ta kuma da taga.

Ran Talata wani dattijo ya kawo takarda. Na tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, na buga masa hatimi, sai hannuna da ya saba da tiyar awo ya ƙara masa biyu gyara. Madam shugabarmu, wadda na haifi kamarta, ta ɗaga takardar ta ce, "Malam Issa, ka ɓata ta. Nan ba kasuwa ba ce." Dattijon sai da ya koma unguwar Lazaret neman sabuwa.

Na koma kan kujerata, Yaya. Da aka tashi aiki na bi ta rumfata, ko zan samu hanyar komawa. Sani surukina, da na bar wa ita, ya cika ta da wayoyi. Ya turo mini kujerar baƙi ya ce, "Wace iri Alhaji yake so?"

Ka sa ni a addu'a. Ka gai da Inna, amma ka bar ta a kan cewa na ci gaba.

Ƙanenka,
Issa