Ƙugin da ke Bayan Muryar Baba

Kura, 9 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga matata Rauda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya Inna da mutanen Bunkure, ya kuma 'yar baƙuwarmu? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Kaset ɗin marigayi Babanki da kika ba ni amana yana nan cikin gwangwani. Ban kwafe shi ba tukuna, kada ki ce na manta. Zaren ya yi laushi ƙwarai, har an taɓa liƙa shi a wuri biyu. A ganina bai fi sau ɗaya ko biyu zai ƙara zagayawa ba, kuma kin san ba mu da wata muryarsa sai wannan.

Matsalar wuta ce. Da batir, kafin a kai rabi murya ta fara ja kamar mai jin barci. Da wutar gida kuwa, rakodata tana wani ƙugi ƙasa-ƙasa, duk abin da na kwafa da shi zai tafi. Saboda haka nake haɗa mata tata wutar daban, mai tsabta. Akwai wani ɗan abu mai ƙafa uku, regileta, shi ke tace wuta ya tsayar da ita, kamar ƙofar kanal da ke sakin ruwa daidai komai cikar babbar hanyar ruwa. Shi nake zaɓa. Da kaset ɗin wa'azi nake gwaji, na Baba ban taɓa shi ba.

Mijinki,
Suhaibu

Kura, 20 ga Fabrairu, 2004

Rauda,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙon dambu ya iso, na cinye a tsaye.

Na shiga Kano na dawo da regileta iri uku. Mai shagon ya so ya tura mini irin na cajar waya, wai ba ya zafi, ba nauyi. Na gwada, fito yake yi siriri kamar sauro. Na ajiye. Na sa 7809, wanda maigidana Baballe ya koya mini aiki da shi. Da sassafe shiru, har na fara murna. Hantsi na yi, ƙugi ya dawo. Baballe ya ce jabu aka sayar mini, na canza wani, duk ɗaya.

Kwana uku ina zaune da mitar auna wuta a hannu, sai na lura ƙugin ba ya zuwa sai Sammani maƙwabcinmu ya tayar da injin casar shinkafarsa. Injin na tashi, allurar mita ta sunkuya. Ashe regileta yana son a ba shi wuta fiye da wadda zai fitar, in rarar ta gaza sai ya saki dattin ya wuce. Laifin ƙaramar taransifomata ne, ni kuwa ina ta zagin bawan Allah mai ƙafa uku.

Na sa babbar taransifoma. Na kuma zaɓi na ukun, LM317, don in ka ɗaura masa ƙaramin kwandansa, ɗan abin da ke tara wuta, a ƙafarsa ta saiti ya fi ɗan'uwansa shiru a kunnena. Yana zafi, sai na yanke murfin tsohuwar tukunyarki ta alminiyam na ɗaure masa don ya zuƙe zafin. Ki yafe, zan sayo wata.

Ki taya ni addu'a. Jibi zan sa na Baba.

Naki,
Suhaibu

Kura, 23 ga Fabrairu, 2004

Rauda tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Alhamdu lillahi, an kwafe. Zaren ya kai ƙarshe sannan ya tsinke a hannuna wajen fitarwa.

Saƙon da Baba ya yi wa ƙaninsa na Makka kin san shi: tumatir ya faɗi, an rufe ruwan kanal sati biyu, a gaida wane da wane. Inda ya yi sallama, nan kuke kashewa kullum, don daga nan sai ƙugin rakoda kuke ji. To, Baba bai danna maɓallin tsayawa ba. Da ƙugin ya kau, akwai magana a ƙasa, can nesa da rakodar.

Wata yarinya ce ke kuka an hana ta bin shi gona. Inna ba ta kusa, ana jin dakanta a waje. Shi kuma yana lallashi a hankali, yana cewa gobe zai goya ta a keke har bakin kanal.

Kin sha gaya mini, da yake ke ce ta fari, har ya koma ga Allah ba ki taɓa jin sunanki a bakinsa ba, sai “ke” ko “yarinyar nan”. Rauda, sau huɗu ya faɗa. Na mayar na ƙirga a kwafin.

Ban bari kowa ya ji ba, ko Baballe. Ranar kasuwa zan zo da kwafin da rakodar. Ki nemi inda za ki zauna ke kaɗai, ni zan riƙe miki jaririyar a zaure.

Mijinki mai kewarki,
Suhaibu