Ranar da Ba a Kira Sunan Zubairu Ba

Litinin, 6 Janairu 2025
Lokacin lanho, harajin kai, ya zo. Na je wurin maigari na ce bana ya cire ƙanena Zubairu daga kawunan gidanmu. Tun da ya tafi Kumasi ni ke biya masa. Sam ya daina aike, sai “banki, banki”. Wane irin banki? Matar nan 'yar Gana da ya aura ita ce bankin. Maigari ya dube ni ya ce, “Na Allah, ka yi shawara da tsohuwa?” Na ce na yi. Ban yi ba.

Alhamis, 9 Janairu
An taru ƙofar maigari. Yadda aka saba, ana kiran maigida da mutanensa ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kowa na ji. Na manta cewa duk shekara Inna takan tsaya bayan darni ta saurara. Aka kira ni, aka kira matata Furera, aka wuce gidan gaba. Da na dawo ta ce, “Ban ji Zubairu ba. Ko kunnena na?” Na ce hayaniya ce. Ta ce, “Ita kaɗai ar ranar da nika jin sunanai bakin wani.”



Asabar, 18 Janairu
Na kai gero Tasawa. Ban sayo wa Inna ko goro ba, don kada ta yi min godiya.

Lahadi, 26 Janairu
Zubairu ya turo saƙon murya mai tsawo. Bankinsa ya rufe masa asusu, wai takardarsa ta baƙo ta ƙare, sabuntawa kuma sai ya nuna ya biya harajin shagonsa na can, harajin kuma ta banki ake biya. Ga shi nan yana ta kewaya. Cinikinsa duk asusun matar yake shiga, ita kuma da ta gwada turowa Nijar sai aka tsare ta da tambaya: wa take da shi a can? Ya ce, “Yaya, kunya ta hana ni hwaɗa maka.” Can ƙarshe yana dariya ya ce, “An dai kira ni bana?”

Na saurara, na sake saurara.

Laraba, 5 Fabrairu
Maƙwabcinmu Abbas ya tare ni a masallaci, wai tunda Zubairu ya fita daga gida, ko zan ba shi aron gonarsa ta gabas. Haka garin ya fassara abin ke nan! Na ce masa ƙanena bai mutu ba. Na faɗa da zafi kamar ba ni na ja ba.

Inna ta daina tambaya. Wannan ya fi min ciwo.

Juma'a, 14 Fabrairu
Wani direban motar albasa ya sauko daga Kumasi, ya biyo ta garinmu Hawandawaki ya neme ni. Ya ba ni ƙullin kuɗi a cikin ƙyallen atamfa. Ba daga Zubairu ba, daga matar. Ya ce ta zo tasha da kanta da goyo a baya, ta ce tunda banki ya ƙi, hannu ya kai. Ya kira ta ya miƙo min waya. Hausar zango gare ta, a karkace. “Yaya, ina gaisuwa. A biya na maigida. In ana yarda, a sa ni ma. Ni ma 'yar gidan ne.”

Na ce to.

Talata, 18 Fabrairu
Na koma wurin maigari da kuɗin. Bai yi min faɗa ba, da ma ya zage ni. Ya ce an rufe kira sai baɗi. Na roƙe shi, ya yarda ya zo ƙofar gidanmu bayan la'asar ya kira mu, Inna na zaune a zaure. Na Allah. Furera. Zubairu. A na huɗun, sunan matar Zubairu, ya kakare, ya dube ni.

Na ce, “Akosuwa.” Ya fito min tsaf. Ban san yaushe na riƙe shi ba.

Inna ta ce a sake faɗa.