Tofar da ke Tukunya ta Biyar

Gaya, 14 ga Yuni, 1975

Ya Kadijatu, sanyin idona, raɓar safiyata, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take!

Kin tuna Laraba, tara ga Oktoban bara, da na sauke tukwane shida a ƙofar gidanku a Gafasa? Kyasuwa biyu, gamba biyu, tofa ɗaya, jema ɗaya. Wata huɗu ina rainonsu a bayan ofishin gona domin ke. Kika hura jan kan kyasuwa, ya yi rawa, kika ce ashe ciyawa ma tana da kyau in an ba ta ɗakinta. Wayyo, wannan magana! Har yau ita nake sha in ƙishinki ya kama ni.

Sai ga Badaru, ɗan baffanki mai yi miki zarya, ya sa lauje ya yanke biyar ya ba ragonsa. Ya ce wai shekara uku na yi a makarantar aikin gona ina koyon shuka abin da kakansa ya mutu yana nomewa. An ce kin yi dariya. Mutum biyu suka gaya mini, ɗaya ya ce murmushi ne kawai. Wanne ne, hasken raina? Wanne?

To, ji abin da bai sani ba. Ya juye ƙasar tukwanen a jujinsa, ya kai takin gonarsa ta gyaɗa. Tukunya ta biyar tofa ce. Don me yake zaton na tsare ta a cikin yumɓu? Saiwarta ko tsawon yatsa ce, ta isa ta ci gona. Jiya na bi ta wurin a keke, na ƙirga tsiro goma sha ɗaya. Ni ne malamin gona, ni ya kamata in gargaɗe shi. Wallahi ba zan yi ba! Ya duƙa damina uku yana nome kyautar da na yi miki, har bayansa ya san sunana.

Dada, kakarki, ta ce kin ɓoye tukunyar jema a bayan randa. In gaskiya ne, ki aiko mini da ganye ɗaya ta hannunta ranar kasuwar Ajingi, in san ba dariya kika yi ba. In ganyen ya zo, wataƙila in tausaya masa a damina ta biyu.

Naki, wanda ko an yanke shi daga saiwa zai sake tohowa a ƙofarki,

Ɗanladi