Lambar da Na Buga a Injin Marigayi Abokina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da dukan masu karatu, gaisuwa irin ta mutunci. Ina roƙon a sakaya sunana, ina kuma roƙon wanda zai yanke mini hukunci ya dakata sai ya kai ƙarshe. Ni dattijo ne, na haura saba'in, ban taɓa kai ƙarar kaina gaban kowa ba. Sai da na rubuta wannan da alƙalami na gyara, sannan na kwafe shi a waya da yatsa ɗaya.

Ni Bakano ne. Na koyi aikin inji a makarantar koyon sana'a tun zamanin da malami kan duba tsabtar kayan aikin ɗalibi kafin ya duba aikin. Na zo Ingila ƙaro ilimi, zama ya kama ni, na yi aiki a garejin gyaran motocin bas a Birmingham har na yi ritaya ina shugaban sashe. A Small Heath nake zaune. A masallacinmu Injiniya ake ce mini, idan gardama ta tashi a kan mota aka ce Injiniya ya faɗa, to magana ta ƙare. Ban kawo wannan don alfahari ba, sai don a san daga inda na faɗo.

Ina da amini, zan kira shi Malam Sule, ba sunansa ke nan ba. Bazazzage ne, malamin lissafi a wata kwaleji a Manchester, jirgi ɗaya ya kawo mu ƙasar nan. Tun yana saurayi ya ga wani Ba'amurke a Kano da irin motocin nan nasu na da, masu dogon gaba da injin silinda takwas, waɗanda idan aka tayar da su kake jin ƙarar a ƙirji kafin kunne. Motar ba ta fita daga ransa ba. Da ya kusa ajiye aiki sai ya samu irinta, ruɓaɓɓiya, ya saya. Ba zan ambaci sunanta ko launinta ba, domin ba su da yawa a nan, masu harkar kuwa sun san juna. Shi a flat yake zaune a Whalley Range, ba wurin ajiya, sai aka kawo ta garejin da nake haya a bayan layinmu. Shekara bakwai yana hawa jirgin ƙasa duk Asabar ta biyu, ya zo da soyayyen nama da burodi, mu wuni a kanta. Ni ke kwancewa da ɗaurawa, shi ke wankewa da gogewa, domin na sha gaya masa hannun da ya saba da alli ba ya riƙe sifana. Shi kuma ya ce Bakano ne kaɗai zai ga motar abokinsa ya fara tunanin wa zai saya.

Dole in bayyana abu ɗaya, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. A wajen masu wannan harka, darajar mota ba a fenti take ba, ba kuma a gudu ba. Akwai lambar da ake bugawa tun a masana'anta a jikin bulok, wato gangar injin, wadda ta dace da ta jikin motar. Idan lambobin biyu suka zo ɗaya, an tabbata injinta ne na asali, ba a taɓa musanya shi ba. Motar Malam Sule haka take. Bai damu da tsatsar da ta cinye ƙofofi ba, wannan lambar ita ce abin tinƙahonsa, yakan sa babban yatsa ya shafa ta ya ce motar tana da asali, ba tsintacciya ba ce.

Saura kaɗan mu tayar da ita ciwo ya kwantar da shi. Na je asibiti a Manchester, 'yarsa tilo tana wurin, zan kira ta Hadiza, haifaffiyar nan ce, tana aiki a wani wurin ba da magani. Ya jira ta fita, ya kama hannuna ya ce, "Injiniya, ka ƙarasa mata ita. Amana ce, ta Hadiza ce." Na ce ya daina wannan magana, shi zai fara murza makulli. Bayan kwana tara muka kai shi makwanci.

Bayan mako uku da rasuwarsa, wajen ƙarshen kaka, na ɗaura sauran kayan na tayar da injin ni kaɗai. Malaminmu na Kano ya koya mana cewa sabon inji da ruwa zalla ake gwada shi, don in akwai yoyo a gani sarai, kada kuma a yi ɓarnar maganin lagireto. A can ko ka bar ruwan shekara ba abin da zai faru. A nan kuwa kowane bakanike ya san sai an juye shi an zuba ruwan hana daskarewa kafin sanyi ya shigo. Ni da kaina na sha tsawata wa ma'aikatana a kan wannan. Na zuba ruwan famfo a lagireto, ta tashi a murzawa ta biyu, na tsaya ina saurare kamar minti ashirin, na kashe. Na ce gobe in ta huce zan juye. Na kulle garejin na tafi gida, ban sake komawa ba sai bayan wata uku. Ba rashin lafiya na yi ba, ba tafiya ba. Kullum nakan wuce ta bakin layin in tafi masallaci, ƙafata ba ta karkata can. Me zan kira wannan? Mantuwa? Ai ban manta da motar ba, ruwan na manta.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Ranar da na buɗe garejin na tarar da jan tabo a ƙasa, na haska fitila, na ga tsaga a gefen bulok, tsawon tafin hannuna, ta ratsa har cikin silinda. Ruwan ya daskare ya kumbura a ciki, ƙanƙara ta yi aikinta. Na san ƙarfe, na san wannan ba ta walda ba ce. Abin da nake so masu karatu su sani shi ne ban yi salati ba, ban zauna ba, gabana bai faɗi ba. Na kashe fitila, na tsaya ina kallon bango, sannan na je na sayi madara kamar yadda na fito da niyya.

Da na kira Hadiza a ranar na gaya mata, da yau ban rubuto muku ba. Amma da wane baki? Injiniya, wanda ya shekara arba'in yana gyara wa Turawa kuskure, ya fasa injin amana da ruwan famfo? Sai na yi shiru. Na nemo wani bulok irinsa, na shekara ɗaya da shi, daga hannun masu sayar da kayan tsofaffin motoci a wani gari mai nisa inda ba a san ni ba. Na kankare lambarsa na daidaita wurin. Na sayi ƙarafan buga lamba, na wuni ina gwaji a kan guntun ƙarfe har bugun ya yi kama da na masana'anta, sannan na buga lambar Malam Sule ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da fistin da sauran kayan da ya goge da hannunsa, na rufe. Tsohon bulok ɗin na tura shi lungu na lulluɓe da tamfol, har yanzu yana nan.

Da bazara na kai mata motar Manchester. Na murza makulli a ƙofar gidanta, ta dafa bonet da hannu biyu. Sannan ta ce, da Hausarta irin ta yaran nan, "Baffa, injin Daddy ne yake magana." Ta yi kuka. Ni ina tsaye ina lura da cewa salansar hagu tana ɗan kaɗawa, tana buƙatar ɗauri. Abin da ke raina ke nan a lokacin, Allah ne shaidata.

Yau shekara uku. Ta shiga ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, tana kai ta wuraren baje koli, tana ɗaga bonet ta nuna wa mutane lambar, ta ba su labarin mahaifinta da Baffanta. Takan aiko mini da hotuna in amsa da Allah ya yi albarka. Kowace salla sai ta zo gaishe ni da turare. Nakan ce wa kaina ai fistin ɗin nasa ne, ai kan silinda nasa ne, ai ƙarfe ƙarfe ne. To in haka ne, me ya sa na buga lambar? Ina salla, ina azumi, ina cin abinci, ina barci lafiya. Na yi ta jiran ranar da nadama za ta zo ta kama ni yadda ake faɗa, ba ta zo ba. Kamar wanda ƙafarsa ta yi sanyi ya taka ƙusa, ina ganin jinin, ba na jin zafin.

Makon jiya ta kira ni. Ƙungiyar tasu za ta shigar da motar cikin rajistar motocin da ke da injin asali, kuma akwai takardar da wanda ya gyara zai sa hannu ya shaida cewa ba a musanya komai ba. Daga baya wani masani zai zo ya duba da idonsa. Irin waɗannan mutane sun san bugun masana'anta kamar yadda malami ya san rubutun ɗalibinsa, mai yiwuwa ya gane, mai yiwuwa ya wuce. Ta ce, "Baffa, signature kawai, kai ne shaidata, ba ni da kowa sai kai." Na ce Allah ya kai mu.

Idan na sa hannu, na yi shaidar zur da sunana cikakke, in kuma aka gano, ita za a kira maƙaryaciya a gaban mutanen da ta shekara uku tana ba labari, ba ni ba. Idan na faɗa mata, na ƙwace mata abin da take ganin ya rage mata na mahaifinta, na kuma nuna mata cewa mutumin da mahaifin nata ya damƙa wa amanarta ya dube ta shekara uku yana karɓar turarenta. Kada a ce mini in tuba kawai, na san hukuncin, na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai an je wa mai shi. Abin da ban sani ba shi ne yadda dattijo ke buɗe baki ya faɗi irin wannan ga 'yar da aka bar masa, alhali ko hawayen da zai raka maganar ba shi da su.

Ta riga ta cike takardar ta aiko, tana kan teburina, ta sa alama da fensir a inda zan sa hannu. Ranar Asabar za ta zo karɓa, kuma ta ce a motar za ta zo. Jama'a, me zan yi?